Filin Kawu na Bakin Rijiya: rami naka ne, ruwan fa na wa?

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. To zafi ya shigo, kuma duk shekara da Afrilu ya kama sai saƙonninku su koma maganar ruwa kamar kun haɗa baki, bana ma haka, cikin waɗanda suka shigo ta WhatsApp da waɗanda aka ba direbobin tasha a takarda na tsinto guda biyar. Masu tambayar taki da iri ku yi haƙuri sai damina ta matso. Na bar kowa da bakinshi yadda ya aiko, sunaye kawai na cire dan kar a haɗa ni faɗa da masu gari.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ya zahi. Ni mace ce daga wani ƙauye cikin ƙasar Mayahi. Shekara 4 ke nan wani furoje ya yi muna foraj da shato da fano na rana, wallahi mun ji daɗi dan da tun asuba muke tahiya rijiya mai gaba talatin da wani abu, hannuwa duk sun yi kanta. Aka kahwa kwamiti aka ce bido guda dala 3, muna biya muna biya, yanzu wata biyu ke nan inji ya ƙone da aka ce a hiddo kuɗin gyara sai aka ce wai ko dala babu cikin kes. Maza sun rabu biyu, wasu na cewa dama ruwa na Allah ne haramun ne saida shi, wasu na cewa a yi karo-karo, mu dai mata mun koma ma igiya. Mi za mu yi?

AMSA: Lafiya lau ɗiyata, sannunku da ja, Allah ya ba ku lada. Kafin mu je ga malamai bari mu fara da lissafi dan shi ba ya jin kunyar kowa. Ban san yawan garinku ba amma mu ce bido 300 ake ɗiba a rana, wannan ba wani abu ba ne ga gari mai shato, wato tankin ruwan nan na sama. Dala 3 sefa 15 ke nan, sau 300 ya ba da sefa 4,500 a rana, a wata 135,000, a shekara ya haura miliyan 1 da jika 600 (jika ɗaya sefa 1,000 ce), shekara 4 kuwa ya wuce miliyan 6 da rabi. Ki cire albashin mai tsaron famfo da mai gadi da 'yan gyare-gyaren robine, ki cire na damina da mutane ke rage saye, duk yadda kika cire ba zai koma babu ba. Ke nan kuɗin ya shigo, fita ya yi.

Amma kar ki yi saurin cewa ɓarawo. Na zauna da kwamitoci da yawa a rayuwata kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ne ya ɗauke kes ya gudu ba, a'a, da kaɗan kaɗan yake tsiyayewa kamar tulun da ya tsage: yau baƙi sun zo gidan mai gari a ranto jika 10, gobe ma'aji ya ari na taki zai maido bayan kaka, jibi shanun wani babba sun sha wata uku bashi ba wanda ya iya buɗa baki ya tambaye shi, ga gidajen 'yan kwamiti su kansu da suka ɗauka ruwa kyauta shi ne ladansu. Kowa ya ci kaɗan shi ya sa in an zo bincike kowa sai ya sunkuyar da kai.

Maganin wannan yana nan jikin bututu, shi ne kwantar, agogon nan da ke ƙirga ruwan da ya fita. Mita kub ɗaya lita 1,000 ce, wato bido 40 na lita 25, a farashinku sefa 600 ke nan. In kwantar ta nuna mita kub 10 yau to da magariba dole a ga jika 6 a hannun mai famfo, ko kusa da haka in an cire ɗan abin da ya zube. Ɗan lakwal mai aji biyar zai iya wannan lissafin. A samu littafi, kullum a rubuta lambar safe da ta yamma, ƙarshen wata a karanta a bainar jama'a a ƙofar mai gari, da Hausa, mata na zaune, ba wai a ce an yi taro bayan isha'i a zauren wane ba.

Yanzu masu cewa ruwa na Allah ne. Gaskiyarsu, ai har hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, kuma an hana mutum ya riƙe rarar ruwa ya hana mai ƙishi. Sai dai ina so ki tambayar min su, lokacin da ake shan rijiyar kakanni wa ke sayen guga da igiya? In rijiya ta cushe ba gayya ake yi a yashe ta ba, wani ya kawo hatsi wani ya kawo ƙarfinshi a sallami magina? To biya ke nan, kawai dai ba da tsabar kuɗi ba. Dala ukun nan ba kuɗin ruwa ba ne, kuɗin igiyar zamani ne, rana kyauta ce amma injin da ke can ƙasa yana da kwanakinshi, fano ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma ranar da ya mutu mai kanti a Maradi ba zai karɓi Fatiha ba. Ko rijiyar Ruma da ke Madina ai sai da Sayyidina Usman ya zuba dukiyarshi ya saye ta kafin Musulmi suka sha kyauta. Wanda ke son garinku ya sha kyauta bisimilla, ya ɗauki nauyin gyaran.

Ta fannin hukuma kuma ki sani foraj ɗin nan ba na kwamiti ba ne, ba na furojen da ya tafi ba ne. Tun dokar ruwa ta ranar 1 ga Afrilu 2010, da tsarin da ya biyo bayanta na ruwan karkara, kwamin, wato ƙaramar hukuma, ita ce ke da alhakin irin waɗannan kayan, tana iya damƙa tafiyar da su ga ɗan kasuwa bisa kwantaragi, masu shan ruwa kuma su kafa ƙungiyarsu da ake ce ma AUSPE su sa ido, sannan ana ware wani kaso na kuɗin ruwa a asusu daban dan sabunta inji da ƙara layi, ba a taɓa shi dan biki ko baƙi. Ku tashi ku mata goma ku je ofishin kwamin ɗinku da ma'aikatar ruwa ta Mayahi ku tambaya foraj ɗinmu yana cikin wane tsari, wa ya sa hannu, ina asusun. Ni dai ra'ayina ba na cewa ɗan kasuwa waliyyi ne, na ga inda ya gyara lamari na ga inda ya karɓi kuɗi ya bar mutane sati biyu ba ruwa, abin da ya raba biyun shi ne ko mutanen gari sun san abin da ke cikin takardar, a karanta muku ita a fassara kafin kowa ya dangwala.

Kuma in za a sake kwamiti ku karɓi kes. Ba yabon banza nake ba, tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka haife shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, akwati mai kwaɗo uku makulli hannun mata uku, yau ƙasashe nawa suka kwaikwaya. Ku da ke ja in famfo ya tsaya ku ne ba za ku bari ya tsaya ba. Abu na ƙarshe, tsofaffi da zawarawa da marasa hali a yanke musu bido nawa a rana kyauta, a faɗa a taro a rubuta, dan in ba a yi ta ƙofa ba za a yi ta taga kuma ba su ne za su amfana ba. Karo-karon wannan karon kam ba makawa sai kun yi, amma kar kowa ya ba da dala sai an fara buɗa littafin baya.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Lambu gare ni bakin Gulbi tsakanin Maradi da Tibiri, gadon tsohona ne, da rijiya mita 8 da ba ta taɓa ƙahewa ba. Bara wani Alhaji ya sayi gonakin da ke gabas da ni ya buga foraj uku ya jera fano, tun hantsi har la'asar ruwa ke zuba kamar gulbi, ni kuwa kahin azahar sai laka nike jawowa, tumatir da zogalena na ƙonewa. Na same shi da girmamawa ya ce cikin gonarshi ya haƙa da kuɗinshi. Shin yana da gaskiya?

AMSA: Ƙanena, ramin nashi ne, bututun nashi ne, ruwan kuwa bai san iyakar gona ba. Mutane da yawa sun ɗauka a ƙarƙashin kowace gona akwai wani tabki nata na kanta, ba haka ba ne, ruwan yana cikin yashi da tsakuwa ne kamar ka cika kwano da rairayi ka zuba ruwa, kuma yashin nan shimfiɗe yake tun daga gonarka har tashi har ta wanda ke bayanshi. In inji ya fara zuƙa sai ruwan da ke kewaye da shi ya lotsa kamar mazurari, tsakiya ya fi zurfi gefe na biye, in rijiyarka ta faɗa cikin bakin mazurarin nan to kai da shi ƙwarya ɗaya kuke sha, shi da ludayi kai da tsinke.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, da can da motar famfo mai shan esansi ake ban ruwa tsadar mai ita ce linzami, mutum na ganin lita na ƙarewa zai kashe. Fano ba shi da linzami. Rana ta fito inji ya tashi, yaron lambu na barci gindin mangwaro ruwa na malala a banza. Ba ina kushe fano ba ne, ya taimaki talaka ƙwarai, amma ya zo da sabuwar matsala kuma dokokin gargajiyarmu ba su san shi ba.

Sai dai kar ka ɗora ma Alhaji duka kayan tukuna. Ruwan fadamar Gulbi daga ambaliyar damina yake samun ciko, shi kuwa Gulbin daga ƙasar Katsina yake fitowa ya shigo ta wajen Madarumfa ya ratsa Maradi da Tibiri da Gidan Rumji sannan ya koma Najeriya ya haɗe da Rima, kuma tun da aka datse shi a Jibiya wajen 1990 tsofaffi za su gaya maka ba ya fantsama cikin fadama yadda yake yi da. Ga Jiratawa da tun shekarun 1980 foraj ne ke shayar da filin noman da ONAHA, hukumar filayen noman rani ta ƙasa, ke kula da shi, ga lambuna da suka ninka, ga birni na ƙara faɗi. Masu sha sun ƙaru, mai zubawa ya ragu.

Dan haka ga aikin da zan ba ka kuma ba ya cin ko dala. Sami igiya ka ƙulla mata ƙulli kowane rabin mita ka ɗaura dutse a baki. Kullum da asuba kafin injina su tashi ka auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa, ka sake aunawa da azahar, ka rubuta da kwanan wata. Ka sa maƙwabta huɗu ko biyar su yi haka, har da wanda ke nesa da Alhaji. Bayan wata guda littafin zai yi magana. In da asuba ruwa na dawowa inda yake sai rana ta yi ya gudu, kuma na kusa da foraj sun fi na nesa jin jiki, to mazurarin Alhaji ne, maganinshi rabon lokaci. In kuwa awon asuban kanshi ne ke sauka sati bayan sati a duk rijiyoyin har na nesa, to ku duka ne kuke cin fiye da abin da damina ta ajiye, har da kai, wannan kuma sai an zauna an rage. Ciwo biyu ne kuma kowane da maganinshi, shi ya sa nake cewa a auna kafin a yi hayaniya.

Da littafin a hannu ku je ku da yawa wurin mai gari, ya kira kwamitin ƙasa na gari, COFO ɗin nan, in ta ƙi a hau kwamin da ma'aikatar ruwa. Dokar ruwa ba ta bar mutum ya zuƙi yadda ya ga dama ba dan kawai gonarshi ce, gwargwadon girman aikin akwai wanda sai an sanar da hukuma akwai wanda sai da izini, kuna da damar tambaya ko ya bi wannan hanyar. A addini ma ƙa'idar a fili take, ba cuta ba cutarwa. Amma ni da za a bi tawa ba sai an kai ga takarda ba, Alhaji ɗan kasuwa ne ya san riba: ya gina basan ya tara ruwa ya kashe inji in ya cika, ya binne tiyo maimakon sakin ruwa a lambatun yashi inda rabi ke nutsewa kafin ya kai komi, a yi ban ruwa safe da yamma, foraj ukun kar su tashi lokaci guda, ko ma ya ja maka tiyo ɗaya na awa biyu a rana a rubuta a gaban shaidu. Abin da ba na so ka shiga shi ne tseren zurfi, ka ƙara mita 3 ya ƙara 10, wannan tseren mai kuɗi ke cinye shi kullum kuma in an gama kowa ya yi asara.

Bari in ɗan ratse. A yankin Yamai masu bincike sun auna sun ga ruwan ƙasa ya hau da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007 alhali an sha fari a tsakani, dalili kuwa ruwan sama da ke gangarowa yana taruwa a tabkuna daga nan yake nutsawa ƙasa. Can ne ba nan ba, amma darasin ya shafe mu, tabki da kududdufi da fadama su ne ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga rumbun ƙasa. Duk wanda ya cike tabki da shara ko ya yanka shi filaye ya saida, rijiyar wani ya toshe ko bai sani ba.

TAMBAYA: (wannan da murya ya aiko) Kawu ni makiyayi ne daga arewacin Dakwaro. Akwai rijiyar siminti da gwamnati ta gina tun ina yaro muna shayarwa, bana mun zo wani ya ce yanzu tashi ce shi ya gyara ta, ko mu ba da bunsuru da kuɗi duk wata ko mu wuce. Rijiya ta gaba yini guda ce, shanu sun rame. Haka doka ta ce?

AMSA: A'a ɗan uwa, ba haka ta ce ba. Rijiyar da gwamnati ko kwamin ta gina ta jama'a ce, gyara ta bai maida ta gadon gidan kowa, iyaka ya kawo lissafin abin da ya kashe a raba a biya shi. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun yarda mutanen da wuri yake mazauninsu suna da fifiko, su fara sha su tsara layi, amma fifiko daban hanawa daban, kuma ita dokar 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Ka je da ardonku wurin sarki da COFO ta kwamin ku tambayi matsayin rijiyar a rubuce, in ta gwamnati ce akwai ta a rajista.

Ka san abin da ya sa mutane ke kokawar mallake rijiya a arewa, kai ka fi ni sani ma, mai rijiya shi ke da ciyawar da ke kewaye ko bai sayi taku ɗaya ba, tunda a yankin kiwo, arewa da iyakar noma da aka shata tun 1961, ƙasar ba ta sayarwa ba ce, sai a bi ta ruwa a kame ta. Shi ya sa doka ta sa tazara, kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga foraj, dan kar dabbobi su taru wuri guda su cinye makiyaya har ƙasa, kuma shi ya sa yanzu kafin a gina sabuwa ake neman duk masu amfani da wurin su zauna su amince tukuna.

To amma bari in gaya maka taka kai ma. Saniya a wannan zafin tana shan lita 30 zuwa 40 a rana, garke mai 100 ya kai lita 4,000, bido 160 ke nan, daga rijiyar da wataƙila idonta ya raunana. In matan wurin suka zo da safe suka tarar an jawo ta har laka dole ransu ya ɓaci. Tsarin da iyaye suka bari yana da kyau, a aika a yi sallama kafin garke ya iso, ƙishin mutum gaba da na dabba, mai wucewa a ba shi ya sha ya wuce, mai zama kwanaki a ba shi gwafarshi ta jan ruwa a bakin rijiya da lokacinshi ko da dare ne, shi kuma ya sa hannu a igiya da yasa da gyaran komi. Gudummawa daidai ce, a yanke ta a san ta kowa ya biya iri ɗaya, abin da ba daidai ba shi ne mutum guda ya tsaya bakin rijiya yana yanka farashi gwargwadon ramar shanunka. Mu a jihar nan da muka ga abin da ya faru a garin Toda a 1991, inda rikici ya ci rayuka sama da 100, ba ma wasa da ƙaramar rigimar manomi da makiyayi, dan Allah sanda ta zauna a kafaɗa a je wurin sarki.

TAMBAYA: Kawu yarana uku haƙoransu sun yi ja kamar masu cin goro alhali ba su ci, haka yaran unguwa da yawa, tun da muka koma shan sabon foraj. Kishiyata ta ce in dinga tahasa ruwan.

AMSA: Hajiya kar ki tsaya ga tafasawa. In abin da nake zato ne, wani sinadari ne da ake kira fuliwo da ke cikin wasu duwatsun ƙasa, ba ya da ɗanɗano ba ya da wari ruwan garau, kuma tafasawa ba ta kashe shi dan ba ƙwayar cuta ba ce, ƙara kauri ma yake in ruwa ya ƙone. Kaɗan daga cikinshi na gyara haƙori, in ya wuce miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, sai ya fara ɓata haƙoran yara masu tasowa, in ya yi yawa sosai ya shiga ƙashi. Mutanen Tibiri ba sa bukatar a ba su labari, foraj mai zurfi da aka fara sha a shekarun 1980 ya bar yara da yawa da lanƙwasassun ƙafafu kafin a gane daga ruwa ne. Ba ina tsorata ki ba, jan haƙori na iya zama wani abu daban, amma tunda yaran unguwa ne da yawa ku sa mai gari ya nemi ma'aikatar ruwa ta jiha ta ɗebi ruwan ta auna, ku kai yaran likita ya duba, kafin sakamako ya fito ƙanana su sha daga wata rijiyar da aka san lafiyarta, wannan ɗin kam a tafasa ko a sa mata maganin ruwa. Na foraj a yi wanki da wanka da shi ba komai. Kuma duk garin da za a yi ma sabon foraj ku nemi takardar awon ruwa kafin a yanka ragon buɗewa, zurfi ba shi ne lafiya ba.

TAMBAYA: Kawu ina bida a waje, Allah ya buɗa min ina so in yi ma mahaifiyata sadakar foraj a garinmu kudu da Dan Isa, sau biyu ina turo kuɗi ana haƙawa ba ruwa. An ce min asiri ne.

AMSA: Ba asiri ba ne ɗana, dutse ne. Yawancin jihar Maradi tana kan shimfiɗar yashi mai riƙe ruwa, wani yanki na babban rumbun Iullemeden da muke tarayya da Najeriya da Mali, amma can kudu bakin iyaka dutsen ƙasa ya taso kusa, ruwa sai a tsagarshi, ka kauce da 'yan taku ka faɗa kan busasshe. Kar ka sake turo ko jika ɗaya sai masu na'urar binciken ƙasa sun auna wurin, kuma a rubuta da mai haƙa tun farko nawa za a biya in ba a samu ruwa ba. Ka bar na'ura ta zaɓi wuri ba ƙofar gidanku ba, a nisanta shi da masai aƙalla mita 30, kwalarar 2018 ai daga ƙasar Madarumfa ta fara. Sannan ka sa a tambayar maka kwamin ko garin na da famfon da ya mutu yana jiran gyara, sau da yawa akwai, kuma kuɗin haƙa ɗaya zai tada biyu ko uku har a samu na ajiyewa a kes. Ladan dai na Inna ne ko ba a rubuta sunanta jikin shato ba. Ka gaishe ta in kun yi waya.